Takardar Mai Gurasa

Jidda, 6 ga Satumba

Zuwa ga Inna Delu, a Tajaye.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ɗa ga uwa, da fatan kina lafiya ke da mutanen gida, kuma damina ta yi albarka. Mu nan lafiya, sai zafin Jidda da ba ya ƙarewa.

Inna, ba ki san ni ba. Ni ne Abdulrazak, ɗan Sa'adatu 'yar'uwarki, wadda aka koro daga nan shekara goma sha tara da suka wuce, ta zo ta rasu a hannunki. Ina da shekara goma sha biyu ranar da aka kama ta tana sayar da gyaɗa a bakin titi. Da safe na bar ta tana ɗaura kaya, ban sake ganin ta ba. Ubana Habibullahi, mutumin Afganistan mai gasa gurasa, shi ya ƙarasa riƙona, shi ma ya rasu tuni. Yanzu ina da mata, Fati, da yara biyu, kuma aikin ubana nake yi.

Na daɗe ina neman wanda ya san garinku, sai Allah ya haɗa ni da Alhaji Halilu na Konni mai kawo 'yan Umra. Ya ce ya san gidanku.

Inna, ina neman abin da mahaifiyata ta bari a wurinki. Haƙƙina ne, kuma zamana a ƙasar nan ya rataya a kansa. Ba zan yi dogon bayani ba, don ban san hannun da wasiƙar nan za ta bi ba, ke kin san abin da nake nufi. Ki yi magana da Alhaji.

Ɗanki,
Abdulrazak

*

Tajaye, muna cikin girbin gero

Zuwa ga mai cewa shi ne Abdulrazak.

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke. Gero ya yi daidai gwargwado, wake ne tsutsa ta taɓa.

Inna Delu da ka rubuto wa ta rasu bara waccan. Ni ce ɗiyarta Kubra, ni anka kawo wa wasiƙar, ni ke ba ka amsa da ɗan bokon da na samu a lakwal.

Na san Inna Sa'adatu. Ina budurwa ta dawo, ba ta cika magana da kowa ba, ni ke kai mata hura ɗaki. Shekara uku ta yi tana cigiyar ɗanta wurin duk wanda ya dawo daga Makka, har ranar da ta cika. Ɗan nan ko gaisuwa bai aiko ba. Anka yi makoki, shiru. Shekara goma sha shida, shiru. Sai bana da albasa ta yi daraja, kowa kuma ya san gonarta ta kwari ce, sai ga ɗa ya ɓullo yana maganar haƙƙi.

To bari ka ji. Da Inna Sa'adatu ta rasu, gonar nan dutse ce da ƙaya. Ni da mai gidana Sirajo munka tsince duwatsun da hannunmu, munka gina rijiya biyu ciki. Ban san wa ya ba ka labarin ta ba, amma na san Alhaji Halilu, in ya samu kunne ba ya barin komi a cikinshi.

In kai ne ɗanta, ga tambaya. Ɗan fari ne, ba ta faɗin sunanshi. Da wane suna take kiran shi? Alhaji bai sani ba, kada ka wahal da shi.

Ya ce ka nemi lambar salula. Ban ba da ba, kuma na hana Sirajo. Maganar baki ana musun ta. Rubutu kuwa ina ajiye shi, ko za ta kai mu gaban mai gari.

Kubra

*

Jidda, 29 ga Oktoba

Yaya Kubra,

Bayan gaisuwa, Allah ya jiƙan Inna Delu, ya saka mata da abin da ta yi wa mahaifiyata. Na yi kuka da na karanta, ko da yake ban taɓa ganin ta ba.

Jatau take kirana, saboda hasken fatata.

Shirun da kika ce, kin yi gaskiya, amma ba mu san garin ba. Ubana "Nijar" kawai ya sani. Labarin rasuwarta ma sai bayan shekara biyu ya iso mu, a bakin wata mata a kasuwa.

Wallahi ban san tana da gona ba sai a wasiƙarki. Ku ci gonarku. In kina so in rubuta na yafe ta, Alhaji ya yi shaida, zan rubuta.

Tunda ta kai haka, bari in faɗa a fili. Ba ni da takardar kowace ƙasa. Nan aka haife ni, amma haihuwa ba ta ba mutum ƙasa a nan. Shekara talatin da ɗaya ina tafiya ina waiwaye. Yanzu bincike ya tsananta, mai gidan gurasar da nake wa aiki ya ce in na kawo fasfo zai nema mini izinin zama, in babu ba zai iya ci gaba da ɓoye ni ba. Na je ofishin ƙasar ubana, suka ce ɗa yana bin ubansa, amma sai na kawo takardar ɗan ƙasa ta ubana, ta asali, da shaidu biyu. Shaidun ina da su, tsofaffi biyu da suka halarci ɗaurin auren iyayena, sai dai ɗaya zai koma gida bayan hajji, ba zai dawo ba.

Takardar nan tana ɗaure a ƙugun mahaifiyata ranar da aka kama ta. Kullum da ita take fita, a ganinta in ta nuna mijinta mai takarda ne za a ƙyale ta. Falle ɗaya ce, rubutu irin na Larabci, da hatimi, da hoton mutum mai gemu da rawani a kusurwa. Don Allah ki duba kayan Inna.

Ƙaninki,
Abdulrazak

*

Tajaye, ƙarshen Nuwamba

Abdulrazak,

Ina gaishe ka, ka gaida Fati da yara. Mu lafiya. Mun gama dashen albasa, bayana kamar ba nawa ba.

Sunan da ka faɗa shi ne. Na yarda kai ne. Maganar yafe gona kuma ka rubuto ɗin, ba don ban yarda da kai ba, don 'ya'ya suna girma kuma ba su san abin da iyaye sunka faɗa da baki ba.

Na buɗe akwatin Inna. Zannuwa ne, da tasbaha, da kwalbar turare da ta bushe. Babu wata takarda a ciki, na rantse maka da wanga.

Amma ga wani abu. Tun zuwana gida wankan jego na ƙarshe akwai wani ɗan hoto da Inna ta soke jikin bangon ɗakinta, mutum mai gemu da rawani. Shehun Makka take ce mishi. In jikoki sunka yi ƙiriniya sai ta nuna shi ta ce Shehu na kallon su. Da na karanta wasiƙarka sai jikina ya ba ni. Na sa shi cikin ambulan ɗin nan. In ubanka ne, to ka samu abin tunawa, kuma ka yi haƙuri da sauran.

Ka gwada wata hanyar mana. Ba su da littafi can ƙasar tasu da za su duba sunanshi? Mu nan in takardar haihuwa ta ɓata, shaidu biyu ake kai wa buro, ofishin hukuma, a yi wata.

Kubra

*

Jidda, 18 ga Disamba

Yaya Kubra,

Ina gaisuwa. Mu dai muna nan. Makon jiya an kwashe mutum huɗu a layinmu, ni ina cikin ɗakin ajiyar garin gurasa aka rufe ni har masu binciken suka wuce.

Ubana ne. Ban taɓa ganin sa da baƙin gemu ba. Na gode.

Littafin da kika ce akwai shi, amma lambar littafin da ta shafin suna jikin takardar. In babu su ba wanda zai duba mini.

Yanzu ki ba ni amsa. Hoton nan yana da huda biyu da tsatsar ƙarfen da aka maƙala shi da shi. A kusurwarsa ta ƙasa akwai gefen hatimi, sauran hatimin yana jikin takardar. Ba yagewa ya yi ba, zama aka yi aka ɓamɓare ƙarfen a hankali. Ke nan takardar ta iso gidanku lafiya, kuma wani ya raba su da gangan.

Na sake karanta wasiƙarki sau da yawa. Kin rantse babu takarda a cikin akwati. Ba ki rantse ba ki san inda take ba.

An gaya mini a bakin iyaka akwai masu sayen tsofaffin takardun ƙasashe, su cire hoto su sa wani. In abin da aka yi ke nan, ki faɗa mini wa aka sayar wa, ni zan bi. Ko kuwa tsoro kike in na samu fasfo zan iya hawa jirgi in zo in tsaya a kan gonar? Ga takardar yafewa nan na sa a ciki, da hannun Alhaji. Me kuma ya rage da kike riƙe ni da shi?

Abdulrazak

*

Tajaye, Janairu

Abdulrazak,

Lafiya muke. Gaisuwar ke nan, don raina a ɓace yake.

Uwata ta yi jinyar uwarka shekara uku, ta wanke mata kashi da fitsari, yau kai ne mai cewa mun sayar da kayanta a bakin iyaka. Kwana biyu ban ci abinci ba da na karanta. Takardar yafewarka na gani, na ajiye, amma ba gona ba ce a raina yanzu.

Tunda ka iya tonon magana, to ji. Na san inda takardar take. Tun wasiƙarka ta biyu na sani.

Inna Sa'adatu ba ta taɓa faɗin ko mi ce ba. Tana dai fiddo ta, ta shafa, ta kai goshi, ta mayar ƙugu. Da ta rasu, Inna ta buɗe ta ga rubutun Larabci da hatimi, ga hoton malami, ga shi daga Makka ta fito. Inna ba ta karatu. Ta ce addu'a ce babba, ta adana.

Ni kuwa na yi aure, na haifi uku, na binne uku. Babu wanda ya kai yaye. Mata sunka fara janye jariransu in na shigo gidan suna. Da na haifi ta huɗu, Nazifa, ranar da ta kwana uku Inna ta ciro takardar. Ta cire hoton, ta ce hoto ba ya shiga laya. Ta ninke ta da hannunta, ta naɗe da zare, ta kai wa baduku a kasuwar Illela ya ɗinke da jar fata. Baduku ba ya buɗe abin da anka kawo mishi, ɗinki ne nashi. Tun ranar layar ke wuyan Nazifa. Ko wanka za a yi mata, a hannunta take riƙe ta. Shekararta tara yanzu, tana aji uku. Bayanta ban sake haihuwa ba.

Ka san laya in anka farke ta, ta tashi aiki. Ko ba ka sani ba, mu haka muka sani.

Kai kana da biyu. Ni ita ke nan gare ni. Kana so in sa wuƙa in yanke abin da ke wuyanta, in ba Alhaji ya sa a jaka. In wani abu ya same ta, wa zan kama? Kai da ban taɓa ganin fuskarka ba?

Sirajo ma bai san wagga magana ba. Kada ka gaya wa Alhaji.

Kubra

*

Jidda, 2 ga Fabrairu

Yaya Kubra,

Ina gaishe ki, ina gaida Nazifa. Ki yafe mini zargin da na yi. Na yi kuskure, kuma na ji kunya. Allah ya jiƙan yaran da kika rasa.

Amma Yaya, ki saurare ni. Na san abin da ke jikin irin takardar nan, na ga ta abokan ubana. Sunan mutum ne, da sunan ubansa da kakansa, da ƙauyensu, da tsawonsa, da launin idonsa. Ma'aikacin gwamnati ne ya rubuta ta, ba malami ba. Ba ma Larabci ba ne, harshensu ne. Babu aya ko ɗaya a ciki. Shekara tara Nazifa tana yawo da tsawon ubana da launin idonsa a wuya. Allah ne ya raya ta. Malaman nan ma cewa suke rataya irin wannan shirka ce, ya kamata ki cire ko ba don ni ba.

Mai gidan gurasar ya ba ni zuwa ƙarshen Azumi. Fati ba ta barci. Yarona babba ya fara tambaya me ya sa nake shiga ɗakin gari in mota ta tsaya.

Zan aiko wa Nazifa ruwan Zamzam da duk abin da kike so daga Harami. Ki ba ni lamba mu yi magana, minti biyar kawai. Alhaji zai dawo nan da mako uku, ina jiran sa.

Ƙaninki,
Abdulrazak

*

Tajaye, sha shida ga Azumi

Abdulrazak,

Barka da shan ruwa. Muna lafiya, sai zafi.

Sau biyu Alhaji ya aiko a tambaye ni ko akwai saƙo, na ce babu. Zamzam ɗin ya iso, na gode. Amma ka ce wa uwata mai shirka, tana kabari. Wanga ya tsaya mini a wuya ya fi wata ɗaya. Kai ka tashi kusa da Ɗakin Allah, mu mun tashi inda likita ke da nisan rabin yini a amalanke. Kowa da abin da ya riƙe.

Kuma lokacin sanƙarau ne. Yara biyu sun tafi a unguwarmu cikin kwana goma, ɗaya ajinsu guda da Nazifa. Na ce in jira ruwan farko ya sauka, ciwon ya lafa, sa'an nan in cire. Sai Alhaji ya aiko cewa wagga ce tafiyarshi ta ƙarshe kafin hajji.

Na gaya wa Sirajo. Ya ce, "Kayan maraya ne, Kubra. Ko addu'ar ce, ba tamu ba ce." Na zage shi, na yi kuka, na je wurin liman ya rubuta wa Nazifa wata laya, ko da yake zuciyata ba ta kwanta da sabuwar ba.

Jiya da hantsi na zaunar da ita na ce zan canza igiya. Na farke da reza. Garin farkewar na yanki yatsa, ɗigon da za ka gani a gefe jinina ne. Takardar ta yi laushi, ta tsage kaɗan a wurin ninki, amma rubutun na nan, da hatimin mai gefe guda a cire.

Ga ta nan. Ka rubuto da wuri ka ce ta yi aiki, don in san ban yi a banza ba. Kuma ka yi wa ɗiyata addu'a a Harami, da sunanta.

Yayarka,
Kubra

*

Birnin Konni, wata ɗaya bayan Salla

Yaya Kubra,

Ina gaishe ki. Ki duba sunan garin da ke saman wasiƙar nan, ba kuskure ba ne.

Ran tara ga Azumi masu bincike suka shigo ta ƙofar baya, ina bakin tanderu, hannuna duk gari. Aka kai mu gidan da ake tara waɗanda za a kora. Suka tambayi ƙasata, na ce Afganistan, suka ce hujja. Babu. Bayan kwanaki wani ma'aikaci ɗan Nijar ya zo tantance mutanensu, ya ji Hausata, ya tambayi garin uwata. Na ce Tajaye. Ya rubuta, na dangwala yatsa. Kashegarin Salla jirgi ya sauke mu Yamai.

Alhaji ya fara ta Madina, ya yi goman ƙarshe a Makka. Ya isa gidana kwana uku bayan tashina. Ya bar takardar wurin Fati, ya dawo mini da wasiƙarki, a shagonsa na karanta ta, nan nake kwana. Fati ta kai takardar ofishin, suka ce ita ce, ba ta da aibi, amma sai mai nema ya tsaya da kansa tare da shaidunsa. Ni kuma an ɗauki yatsuna, an ce shekaru kafin in sake shiga ƙasar. Tsohon nan mai shaida kuwa yana ɗaure kayansa.

Ba na cin abincin nan sosai, kuɗin ma ban iya ƙirga su ba, yara suna bi na suna cewa Balarabe. Ƙaramar 'yata an ce kullum tana zama bakin ƙofa.

Ban zo don gona ba, takardar yafewata tana hannunki. Ina so in ga inda aka sa mahaifiyata, in an san wurin. Amma ba zan shigo garinku ba sai kin ce in zo, har yanzu ko lambarki ba ni da ita. Kuma ki gaya mini gaskiya, don tunanin yana cina: jiran da kika yi, don yarinyar ne kawai? Yaya jikin nata?

Abdulrazak

*

Tajaye, ranar da wasiƙarka ta iso

Jatau,

Direban motar Konni ya ba ni wasiƙarka a bakin rijiya. Ban iya ƙarasa jan ruwan ba.

Ka zo. Ka shiga motar da ta kawo wasiƙar, jibi za ta koma Konni, na gaya wa direban ya neme ka shagon Alhaji. Sirajo zai tarye ka a tasha. Ya share ɗakin zaure. Ya san wurin kabarin, yana cikin waɗanda sunka gina shi. Lambar salular Sirajo na bayan takardar nan, ka ba Fati ita ma.

Ka tambaye ni gaskiya. Da farko gona ce, ban ɓoye ba. Daga baya tsoro ne. Amma wata guda daga ciki fushi ne zalla, saboda kalma ɗaya da ka faɗa a kan Inna. Na lissafa, da na ba Alhaji a zuwanshi na farko, da ta same ka da kwana ashirin a gaba. Ban san yadda zan dubi fuskarka ba, amma ka zo in dube ta.

Ka tambayi Nazifa. Yau kwana arba'in da bakwai da na cire mata layar. Sabuwar da liman ya rubuta ma ta yar da ita wurin wasa tun makon farko, ba ta gaya mini ba sai da na gani. Tana ci, tana tsalle, ta zo ta biyu a ajinsu. Kullum da safe ina taɓa goshinta, kuma Allah ya yafe mini, wani lokaci zafi nake nema. Da ta yi ko mura, da na samu abin da zan tare ka da shi.

Ba ta yi ba.

Kubra